Wai da gaske ne a Kanada in ka tofar da yawu kafin ya kai ƙasa ya daskare?

Baban Ummi:
Salamu alaikum 'yan uwa, dan Allah waɗanda ke zaune a ƙasashen sanyi ina neman ƙarin bayani. Ƙanina ne ya samu gurbin karatu a Winnipeg ta Kanada, watan Janairu zai tafi in Allah ya yarda, to tunda maganar nan ta fito gidanmu ba a zauna lafiya ba kowa da labarin da ya jiyo. Wani ya ce in ka tofar da yawu kafin ya kai ƙasa ya daskare, wani ya ce kunnen mutum na iya ɓallewa ya faɗi bai ma sani ba, maƙwabciyarmu ta ce wai wata shida ake yi ba a ga rana ba. Hajiyarmu kam ta ce yaron da hunturun Kano ma ke sa shi kwana da suwaita biyu ba inda za shi. Wanne ne gaskiya wanne ne ƙari?

Bazazzagi:
Bakano a cikin ƙanƙara? Tab. Ku haɗa masa da kasko da buhun gawayi, in ya so ya riƙa ƙulla wa Turawa a leda yana sayarwa, dama ba a raba ku da ciniki hhhh

Abba Manitoba:
Wa alaikumussalam. Yaya Baban Ummi a garin nake zaune, bari in ware maka su ɗaya bayan ɗaya. Maganar yawu ƙari ce, lafiya lau yake kaiwa ƙasa sai dai ya daskare a can. Amma gashin hanci yana daskarewa da ka ja numfashi, gemu da gashin ido su yi fari fat saboda tururin bakinka, wannan kam a Janairu ba abin mamaki ba ne. Kunne ba ya ɓallewa haka kawai, amma sanyi na cin kunne da yatsu da kan hanci in ka bar su a buɗe, wurin ya yi fari ka daina jin sa, in abin ya yi nisa sai an yanke. Firizar gida a digiri -18 ake saita ta, wato 18 ƙasa da sifili, mu kuma cikin dare a Janairu -20 zuwa -25 abinci ne, wata rana ya gangara -30 da wani abu, in iska ta haɗu da shi jiki ya ji shi a -40. In ya kai nan hukumar yanayi takan yi gargaɗi cewa fatar da ba a rufe ba minti 5 zuwa 10 ya isa ta lalace. To wannan shi ne ɓangaren tsoron.
Wanda ba a gaya wa su Hajiya shi ne ba a cikin sanyin ake zama ba. Yanzu haka singileti ne a jikina, ɗakina yana 22, gida da hita, bas da hita, aji da hita, masallaci da kanti duk haka, naka sanyin tsakanin ƙofar gida ne da tashar bas. Wlh na fi jin sanyi ina kwance a ɗakinmu na Kano lokacin muku-muku, iska na shigowa ta ƙarƙashin ƙyaure da gefen taga, siminti ya yi sanyi ƙalau, da asuba a ce ga buta je ka yi alwala da ruwan da ya kwana a randa. Nan famfo biyu ne ka murɗa na zafi.

Hajiya Gwaggo:
Allah ya yi maka albarka Abba. To ranar fa ɗana? Ni ita ce ta fi tsaya min a rai

Abba Manitoba:
Amin Gwaggo. Rana tana fitowa kullum, garinmu ma yana cikin garuruwan Kanada da suka fi samun rana, sai dai ranar ba ta da zafi ko kaɗan. Abin da ke yaudarar baƙo ke nan, ya leƙa taga ya ga sama garau rana ta haska ƙanƙara har ido ba ya iya kallo ya ce yau da sauƙi, alhali ranakun da sama ta washe su suka fi mugun sanyi, ran da aka yi hadari ana zuba dusar ƙanƙara shi ne da dama-dama. Nan ba a leƙa taga, waya ake dubawa kafin a sa takalmi.

Ɗan Jos:
Ni duk wannan bai ba ni tsoro ba, wanda ya tashi a Jos ya je Vom ko Pankshin a Disamba ya gama ganin sanyi. Mu fa har ƙanƙara ake yi mana da damina ta fasa gilashin mota

Dokta Kazan:
Ɗan Jos ɗan uwana zauna hhhh. Sanyin Jos in ya yi tsanani ya sauka ƙasa da 10 ne a saman sifili, ko ruwan kofi bai daskarar ba. Kuma ƙanƙarar damina daban dusar ƙanƙara daban, taku dunƙule ce mai faɗowa da hadari minti kaɗan ta narke, waccan laushi gare ta tana sauka shiru ba ƙara, ta taru ta kwanta wata huɗu ko biyar ba ta tafi ba. A Rasha na yi karatun likita, garin Kazan na Tatar, Musulmi ne da yawansu ga masallatai ko'ina, kogin Volga da faɗinsa haka yake daskarewa mutane su hau kai su huda rami su zauna kamun kifi. Ɗaliban da suka fi shan wuya a shekarar farko su ne masu cewa ai mu mun saba, su ƙi sa hula su ƙi sa dogon wandon ciki wai gayu, tsofaffin matan Rasha kuwa ba ruwansu da ba su san ka ba, a titi za su tare ka su yi ta faɗa ina hularka.

Gaskiya Ɗaci:
Ni fa ban yarda da ku ba. Kullum 'yan waje labarin wahala kuke ba mu, sanyi kaza haraji kaza kaɗaici kaza, amma ko ɗaya a cikinku bai tattaro kayansa ya dawo ba. In sanyin na yanke yatsu me kuke yi a can? So kuke ku tsorata mutane kar su zo a yi yawa. Mu nan watan Afrilu 42 ba wuta ba ruwa yara na sanƙarau, a ba ni ƙanƙarar in gani

Abba Manitoba:
Malam ai kai ne ba ka karanta ba, ni da na ce ina zaune da singileti ina na tsorata wani? Amma kar raini ya sa a ɗauka wasa ne. A Disambar 2016 wasu 'yan Ghana biyu suka tsallako daga Amurka da ƙafa cikin dare ta wajen Emerson, nan kudu da mu, suna neman mafaka, sa'o'i suka yi cikin gonaki dusar ƙanƙara har ƙugu, an cece su amma kusan duka yatsun hannunsu sai da aka yanke. A Janairun 2022 a wannan yankin dai aka tsinci gawar mutum huɗu 'yan gida ɗaya daga Indiya, miji da mata da yara biyu, sanyi ya kashe su 'yan taku kaɗan daga iyaka. Su ma daga ƙasar zafi suka fito, kuma na tabbata jaket ɗin da ke jikinsu a ganinsu ta isa.

Gaskiya Ɗaci:
Innalillahi. To wannan ai ganganci ne na tsallaka iyaka, ba ɗalibin da zai sauka a filin jirgi ba

Anti Nas:
Ku duka kuna ta maganar lamba, mainos kaza mainos kaza, ni kuma a Landan nake aikin jinya kuma zan ce muku lambar ba ita ce matsalar ba. Mu nan da wuya a sauka ƙasa da sifili sosai, Janairu 2 zuwa 8 ne galibi, dusar ƙanƙarar da mutanen gida ke tunanin muna iyo a ciki wata shekarar ko sau ɗaya ba ta kwanta ba, ran da ta ɗan zuba kuwa jiragen ƙasa su rikice a rufe makarantu 'yan Kanada su yi ta mana dariya. Duk hoton da na tura gida sai an ce Anti ina ƙanƙarar. Babu. Abin da ke akwai danshi ne da yayyafi mara ƙarewa da sama toka-toka sati guda ba ka ga inuwarka ba, gidajen kuma tsofaffi ne bango na tsatsafo da ruwa baƙin fumfuna ya fito bayan kabad, ka yi shanya a ɗaki kwana biyu ba ta bushe ba. Hita kuma kuɗi ce, tun 2022 da yaƙin Yukren ya tada farashin gas na san ma'aikata 'yan uwanmu da ke kunna ta awa ɗaya da safe awa ɗaya da dare, sauran lokacin a shiga bargo da robar ruwan zafi.
Amma duk wannan da sauƙi a kan duhu. Disamba kafin ƙarfe huɗu na yamma rana ta faɗi. In kana aikin safe ka fita cikin duhu ka dawo cikin duhu, asibiti kuma fitila ce kullum, sai ka wayi gari haka kawai ranka a ɓace ba wanda ya yi maka komai, barci ba ya isar ka, ba ka son ɗaga waya. Likitoci sun san ciwon, damuwa ce mai zuwa da lokacin sanyi, har fitila ta musamman ake sayarwa mutum ya zauna gabanta da safe. A gida ko kana cikin talauci ka fito ƙofar gida ga rana ga mutane a dakali ga mai shayi, nan daga Nuwamba kowa ya shige ya rufe ƙofa sai Maris. Baban Ummi in za ku yi wa yaron nan tanadi ku yi masa na kiran waya a kai a kai, ya fi suwaita ta uku amfani.

Maman Hanif:
Anti wlh kin faɗi gaskiya, ƙanwar mijina haka ta yi ta kuka a shekararta ta farko aka ɗauka aljanu ne har ana aika mata rubutu

Anti Nas:
Allah sarki. A ci gaba da addu'a amma ta je a auna jininta. Fatarmu baƙa tana buƙatar rana mai ƙarfi kafin ta haɗa bitamin D, ranar can ta hunturu kuma ba ta da wannan ƙarfin, ga mu a lulluɓe. Hukumar lafiya ta Ingila shawararta kowa ya sha maikirogiram 10 kullum a lokacin sanyi, masu baƙar fata kuma duk shekara. Ciwon ƙashi da kasalar da mutanenmu ke cewa sanyi ne ya shige su, yana iya zama wannan ne.

Bazazzagi:
Tsaya tukuna, Landan ba ta fi Kanada kusa da mu ba ne shi ya sa ba ta kai ta sanyi ba?

Malamin Jogirafi:
A'a Bazazzagi, ka zo aji. Abin da zai ba ka mamaki Landan ta fi Winnipeg zama arewa, in aka auna nisa daga tsakiyar duniya zuwa arewa tana kan layi na 51 da rabi ita kuma Winnipeg dab da 50, Toronto ma 43 da wani abu ce, kusan layi ɗaya da kudancin Faransa. Kano tana 12. To me ya sa Landan ba ta daskarewa? Teku. Akwai igiyar ruwan ɗumi da ke tasowa daga wajen mashigin tekun Meziko ta ratsa Atlantika zuwa yammacin Turai, iskar da ke busowa daga yamma ta biyo ta kan ruwan ta shigo musu da ɗumi da danshi, shi ya sa Anti ke fama da yayyafi maimakon ƙanƙara. Winnipeg kuwa tana tsakiyar nahiya ba teku kusa, fili ne shimfiɗe ba dutsen da zai tare iskar da ke gangarowa daga ƙuryar arewa. Ƙasa saurin ɗaukar zafi gare ta da saurin saki, ruwa kuma a hankali yake yi. Mu ma abin da ya raba Legas da Nguru ke nan, Legas kusan yanayi ɗaya duk shekara, Nguru ta gasa ka a Afrilu ta kaɗa ka a Janairu.
Tsawon yini kuma daga karkacewar duniya ne da digiri 23 da rabi. Mu da ke kusa da tsakiya bambancin yininmu mafi tsawo da mafi gajarta bai wuce awa ɗaya da rabi ba shi ya sa ba ma lura, magariba dai tana yawo tsakanin shida da bakwai. Landan yinin Disamba bai cika awa 8 ba, na Yuni ya haura 16. Wani abin kuma, ruwan da ke sauka a Landan a shekara wajen milimita 600 ne, bai kai na Kano ba, namu dai a wata huɗu yake juyewa gaba ɗaya nasu kuma a rarrabe.

Bazazzagi:
Malam ka ce Kano ta fi Landan ruwa? Kar Kanawa su ji wannan, gobe za su ce sun fi ta komai

Baban Ummi:
Ai dama mun fi Zariya dai tukuna. Malam na gode, to maganar wata shida ba rana fa daga ina ta samo asali?

Ummu Oslo:
Tana da tushe amma an ja ta. Wata shida cur sai a can ƙuryar duniya inda ba gari ba mutane. Mu a Oslo ta ƙasar Norway Disamba rana na fitowa bayan tara ta faɗi uku da 'yan mintuna, kuma ba ta hawa sama, can ƙasa-ƙasa take bi ta bayan gine-gine ta koma. In ka ƙara arewa zuwa Tromso to nan kam daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu ba ta leƙowa sam, sai wani haske shuɗi-shuɗi na 'yan awanni da tsakar rana, sannan daga wajen 20 ga Mayu zuwa bayan tsakiyar Yuli ba ta faɗuwa, sha biyun dare yara na buga ƙwallo a waje. Kuma akwai masallaci a garin akwai Musulmi suna zaune. Ni abin da ya fi ba ni wuya ma ba duhun ba ne, hasken Yuni ne, ka sa yara barci su ce Umma ai gari bai yi duhu ba, sai da labule mai kauri baƙi.
Abin da har yau ban iya ba shi ne na matan nan, jariri a naɗe shi cikin kayan ulu a sa a keken turawa a ajiye a waje ya yi barcin rana cikin sanyi, wai ya fi lafiya. A makarantar renon yara ma haka za ka ga kekuna jere a waje. Da kakata ta ga wannan da ta ce a kira 'yan sanda, mu da mai jego ke kwana arba'in tana wankan ruwan zafi ɗaki da garwashi.

Hajiya Gwaggo:
Jariri a waje?? La'ilaha illallahu. To su Musulmin garin da rana ba ta faɗuwa yaya suke da azumi, sai su mutu da yunwa?

Malam Na Sakkwato:
Hajiya addini bai bar wanga ba. Cikin hadisin Dujal da Annabi SAW ya ce akwai yini guda da za ya yi tsawon shekara, sahabbai sunka tambaya ko sallar yini guda ta ishe su, ya ce a'a ku ƙaddara mishi. Shi malamai sunka riƙa, inda rana ba ta hudowa ko ba ta faɗuwa sai a ƙaddara, wasu su bi lokacin gari mafi kusa da ke da dare da rana, wasu su bi na Makka. Inda gardama take shi ne wurin da rana ke faɗuwa amma yinin ya yi tsawo ƙwarai, nan da yawa sun ce sai ta faɗi a sha ruwa, wanda ya kasa ya ranka daga baya.

Anti Nas:
Mun ɗanɗana wannan a 2016 da azumi ya faɗo a Yuni, awa 18 da ɗoriya, a sha ruwa tara da kusan rabi na dare, kafin a gama tarawihi a ɗan kishingiɗa an kusa sahur. Amma fa ba ƙishirwa irin ta gida, awa 14 na Sakkwato a Afrilu ya fi shi cin jiki nesa ba kusa ba. Yanzu kuma yana ta gangarowa cikin sanyi, a 2030 a Janairu zai kama, lokacin mu za mu sha ruwa ƙarfe huɗu ku kuna nan kuna kallon agogo. Wahalar hunturu ita ce salla, azahar da la'asar da magariba duk a cikin awa huɗu suke, in kana bakin aiki kafin ka samu hutu biyu sun wuce.

Abba Manitoba:
Ga kuma cire takalmin but da safa biyu a banɗakin makaranta a ɗaga ƙafa a wanke. Ni dai shafa nake a kan safa

Malam Na Sakkwato:
Ɗana a mazhabarmu ta Malikiyya huffi na fata aka shafa a kai, safar zare ba ta isa ba sai in an lulluɓe ta da fata. Hanbalawa su sunka yarda da safa mai kauri, kwana guda ga mazauni kwana ukku ga matafiyi. Ka sayi huffi mana, ai ba tsada garai ba kuma ƙarin ɗumi ne gare ka

Abu Sumayya:
Malam da girmamawa, shafa a kan safa ya tabbata daga sahabbai da dama, kar a ƙuntata wa yaro yana ƙasar mutane

Admin:
Malamai dan Allah a buɗe wa mas'alar huffi nata zauren, mun san inda take kai mu. A dawo kan sanyi

Isuhu Damagaram:
Ni abin da ke ba ni dariya ana maganar ƙanƙara sai ka ce sai an hau jirgi ake ganin ta. Ku tambayi direbobin da ke bin hanyar Agadas zuwa Dirku da Bilma a watan Janairu, da rana zafi da dare sanyin hamadar Tenere ya hana ka barci, a duwatsun Ayar ruwan da ya kwana a waje yakan wayi gari da ƙanƙara a samansa. Buzaye ba don ado kaɗai suke naɗa rawani ba. Ain Sefra ta Aljeriya dusar ƙanƙara ta sauka kan rairayi a 1979 ta sake a 2016 da 2018, Ifran ta Maroko a 1935 ta kai kusan -24, a nan Afirka fa. Tabuka ta Saudiyya ma tana samu a kan duwatsu.

Dokta Kazan:
Haka ne, kuma ta ɗaya gefen mutanenmu ba sa yarda cewa can ana zafi. In na ce na yi gumi a Rasha sai a ce ƙarya nake. Mosko ta haura 38 a Yulin 2010 ga hayaƙin gobarar daji ya rufe gari. Verkhoyansk ta Siberiya wadda ke cikin wuraren da suka fi ko'ina sanyi a duniya, hunturunta na wuce -60, ita ce ta buga 38 a Yunin 2020. Ƙauyen Lytton a Kanada 49.6 a Yunin 2021, washegari gobara ta cinye shi. Ingila ta haura 40 karon farko a Yulin 2022. Kuma zafinsu yana kisa saboda an gina gidajen ne don su riƙe ɗumi, ba fanka ba tsakar gida ba kwana a waje, a 2003 Faransa kaɗai ta rasa mutum wajen 15,000 galibi tsofaffi da ke zaune su kaɗai.

Abba Manitoba:
Mu ma Yuli 30 da wani abu muke gani, ga sauro wlh ya fi na Kano yawa da girma sai dai ba ya sa zazzaɓin maleriya

Gaskiya Ɗaci:
To duk naji, hita hita. In aka ɗauke wuta fa? Ko su ba a ɗaukewa

Abba Manitoba:
Da wuya amma yana faruwa, kuma ran da ya faru ba zancen a kunna fitilar waya a ci gaba da hira ba ne. Janairun 1998 aka yi ruwan sama mai daskarewa a Kebek da gabashin Ontario nan Kanada, nauyin ƙanƙara ya karya turakun wuta, miliyoyin mutane suka zauna ba wuta wasu har makonni sai da aka fito da sojoji. Texas ta Amurka da ba ta saba ba a Fabrairun 2021 sama da mutum 200 suka mutu, wasunsu ba sanyin ne ya kashe su ba, gawayi da janareto suka kunna a cikin gida ko suka zauna cikin mota a gareji a rufe. Don haka Bazazzagi kaskonka ya zauna a Zariya. Bututun ruwa ma in gida ya huce daskarewa yake ya fashe, shi ya sa ko tafiya za ka yi ba a kashe hita gaba ɗaya. Motoci kuma za ka ga wayar lantarki na leƙowa ta gaba, a wurin fakin akwai soket a jona ta kwana tana ɗumama inji in ba haka ba da safe ba za ta tashi ba.

Anti Nas:
Wannan na gawayi har a gida a kula dan Allah, duk hunturu sai an ji an rufe ɗaki da garwashi an wayi gari ba rai. Hayaƙin da ke kisan ba shi da wari ba a ganin sa, barci kawai mutum zai ji

Baban Ummi:
Allah ya kyauta. Abba kayan fa, mu shiga Kofar Wambai mu haɗo masa gwanjo ko ya bari sai ya je?

Abba Manitoba:
Ku saya masa jaket ɗaya mai kauri da hula mai rufe kunne da safar hannu, ya riƙe su a hannu kar ya sa a akwatin da za a auna, don daga ƙofar filin jirgi zuwa mota ma aiki ne a Janairu. Sauran ya bari ya zo, yawancin gwanjon da ke zuwa gida na sanyin Turai ne ba na nan ba, kuma akwai shagunan gwanjo a nan ma da araha. Takalmi musamman kar ku saya, sai mai gashi a ciki da ƙasa mai kama santsi, don faɗuwa a kan ƙanƙarar da ba a gani ta fi sanyin kansa kai mutane asibiti. Sirrin shi ne a jera kaya, na ciki mai kama jiki, suwaita, sannan jaket, in ka shiga bas ka rage. Kar ya sa auduga a ciki, in ya yi gumi ta jiƙe ita za ta kashe shi da sanyi. Man kaɗanya kam ku cika masa, iskar hita busar da fata take fiye da hunturu, leɓe ya fashe hanci ya yi jini.

Ummu Oslo:
Da kuka da kuɓewa busasshiya da yaji. Miyar kuka mai zafi ran da aka yi -15 ba abin da ya kai ta

Maman Hanif:
Su kuma Turawan yaya suke ɗaukar namu yanayin?

Anti Nas:
Hhhh su a tunaninsu Afirka rana ce kawai daga Janairu zuwa Disamba. Na nuna wa abokiyar aikina hoton 'yan acaba a Kano da safe cikin hazo, jaket da hular sanyi da safar hannu an kewaye wuta ana jin ɗumi, ta ce digiri nawa ne, na ce 13, ta yi dariya har da hawaye ta ce su a 13 gajeren wando suke sawa su fita lambu. Kuma gaskiyarta, ran da rana ta fito a Afrilu za ka ga mutane kwance a ciyawa sun tuɓe riga ni ina cikin kot. Albashinsu suke tarawa su hau jirgi zuwa Sifen don kawai su kwanta a rana su yi baƙi.

Bazazzagi:
Kuɗi suke biya su kwanta a rana?? Anti ki ba su lambata, rufin kwanon gidanmu na nan, rabin farashin Sifen zan yi musu har da zoɓo kyauta

Malam Na Sakkwato:
Ka bari ɗan Zazzau, ranarku ba ta nuna ba. A kawo muna su Sakkwato watan huɗu, mu aje su bakin kasuwa ƙarfe biyu na rana, wanda ya kai la'asar a maida mishi kuɗinai